Bayan An Karɓi Makullan

Shekara 12 na yi ina riƙe da makullan wani gidan tsofaffi a wani gari na arewacin Ingila, ina kwana a cikinsa. Da aka soke kwanan, na ƙara shekara 4 ina zagaya gidaje 5 a mota. Na ga tsarin biyu ke nan, na da da na yanzu, kuma abin da zan faɗa shaida ce a kan aikin da mutanen gidan. 'Yan uwanmu da yawa sun shigo Birtaniya aikin kula da tsofaffi tun daga 2022, suna shiga irin waɗannan gidaje kullum su yi wa wani wanka ko su ba shi abinci su fita, ba tare da sanin yadda gidan yake a da ba, balle su gane inda haɗarin yake a yau.

Da farko a bambance shi da gidan jinya. A gidan jinya ma'aikata ne ke yi wa mutum komai dare da rana. Wannan kuwa gidan haya ne. Namu bene ne mai sassa 34, kowane sashe ciki da falo da kicin da banɗaki, kowa da ƙofarsa da makullinsa, yana biyan haya, yana girkinsa, yana fita lokacin da ya ga dama. Sharaɗin shiga shi ne shekaru, 60 zuwa sama, wasu gidajen 55. Akwai babban falon taro, ɗakin wanki, ɗakin baƙi guda, da lif. A bakin ƙofar shiga kuma akwai sashen mai kula, wanda Turawa ke kira wodin. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje sun gina irinsu da yawa bayan yaƙin duniya na biyu, kuma a 1969 gwamnati ta fitar da takardar da ta kasa su gida biyu: na tsofaffi masu sauran ƙarfi, da na waɗanda suka fi rauni, masu buƙatar mai kula da falon taro da wurin wanki a rufi ɗaya. Namu na kashi na biyu ne.

Na san Bahaushe zai ce, to ina 'ya'yansu? Wasu suna gari mai nisan awa huɗu, wasu suna Ostireliya, wasu sun riga iyayen mutuwa, wasu kuma an yi ɓatacciya shekara talatin ba a magana. Akwai kuma tsofaffin da ko an roƙe su ba za su zauna gidan ɗa ba, don a wurinsu zama da makullinka shi ne mutunci. Haka ƙasar take, ba kuma a kan wannan nake magana ba.

Mai kula ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Ba ta wanka, ba ta ba da magani, ba ta girki. Aikin yana farawa ƙarfe 8:30 na safe a gaban na'urar magana da ke haɗe da kowane sashe. Za ki danna lamba, ki yi gaisuwa, a amsa, ki wuce na gaba. Sassa 34 kan ci minti 40 zuwa 50. Wanda bai amsa ba akwai matakinsa, kuma ba a tsallake ko ɗaya. A duba allon waɗanda suka ce za su yi tafiya ko suna asibiti. A sake kira bayan minti 10. A buga wayarsa ta gida. A je a ƙwanƙwasa, a ɗaga murfin kafar wasiƙa a kira sunansa, a saurara, a kuma shaƙi iskar da ke fitowa, don warin gas ko na ƙauri yana faɗin abu. In shiru, a sa babban makullin da ke buɗe kowace ƙofa, a shiga ana magana da ƙarfi don kada a firgita mai barci. A fara duba banɗaki, sannan gefen gado ta wajen bango. Duk wannan ba ya wuce minti 20 daga kiran farko, kuma a rubuta shi a littafi da lokacinsa.

Wannan shi ne abin da ke rubuce a takardar aiki. Ainihin aikin kuwa kunne ne da ido. In kin shekara kina jin muryar mutum kowace safiya, ranar da ta sauya za ki sani kafin shi. Wata tsohuwa a sashe na 12, mai tsabta da tsari, wata safiya ta amsa min da tambayar ko mijinta ya dawo daga aiki, alhali ya shekara goma sha da rasuwa. Wanda bai san ta ba zai ce ai tsufa ne, ƙwaƙwalwa ta fara tafiya. Amma ciwon mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni. Ruɗewar da ta sauka dare ɗaya yawanci wata cuta ce a jiki, ta hanyar fitsari ko ta ƙirji, ko rashin shan ruwa, ko sabon magani. Na kira likitanta a safiyar, aka gwada fitsari, aka ba ta magani, cikin kwanaki ta dawo yadda take. Da an bar ta kwana uku a ruɗe, faɗuwa za ta yi ko ta bar tukunya a wuta. Haka nan harshen da ya yi nauyi a na'urar magana. Maganin narkar da gudan jinin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ana so a ba da shi cikin awa 4 da rabi daga fara alama, don haka mai kular da ta ji maganar tana jan ƙafa da ƙarfe 9 ta kira lambar gaggawa ta 999 nan take, ta ceci hannu da ƙafa.

Ruwa ba ya tsami banza. Labulen da bai buɗe ba har hantsi a tagar da aka saba buɗewa da asuba. Wasiƙun da suka taru a ƙasa. Kwandon shara da babu komai cikinsa mako guda, alamar ba a girki. Mutum da riga ɗaya kwana biyar. Sashen da kika shiga kika ji sanyi ya dake ki, don mai shi ya kashe hita yana tsoron kuɗin wuta, alhali shawarar hukumomin lafiya ita ce kada ɗakin tsoho ya gaza digiri 18. Baƙon fuska da ya fara zuwa wurin wani dattijo daidai ranar da fansho ke shiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa mutum ya danna ƙararrawa. Shi a ganinsa lafiya lau yake.

Sai hidimar ginin kansa, wadda ba a cika lissafa ta ba. Gwajin ƙararrawar gobara kowane mako, ana sauya wurin da ake dannawa. Gwajin fitilun gaggawa kowane wata. Buɗe famfunan sassan da babu kowa da na ɗakin baƙi kowane mako, su zuba na 'yan mintoci, saboda ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta cikin bututu tana kawo mummunan ciwon huhu, kuma tsofaffi ta fi kamawa. Shi ya sa ake ajiye ruwan zafi a digiri 60, na sanyi kuma ƙasa da 20. Watsa gishiri a hanya kafin kowa ya fito ranar da ƙanƙara ta kwanta. Raka mai gyaran lif ko mai gyaran tukunyar ɗumama gida, don kada tsohuwa ta buɗe wa wanda ba ta sani ba.

Ba zan yi wa tsohon tsarin kwalliya ba. Mai kula tana biyan sa da barcinta. A takarda an tashi aiki ƙarfe 5 na yamma, a zahiri ƙararrawar tana cikin ɗakin kwananki. Wani ya faɗi ƙarfe 2 na dare, wata ta kasa numfashi, wani kuma rimot ne ya ɓace masa. Gidan da kike ciki na aikin ne, ranar da kika bar aikin kin bar gidan. Albashi kaɗan ne, don ana lissafa gidan a matsayin wani ɓangare na lada. Kuma akwai masu kular da suka mai da kansu sarakuna, suna da 'yan lele, suna shiga abin da ba ruwansu. Na gaji gidan daga irinsu, na daɗe kafin wasu mazauna su yarda ba zan kai maganarsu falo ba.

Ta wannan ƙofa doka ta fara shigowa. A 1998 Birtaniya ta kafa ƙa'idar lokacin aiki bisa dokar Tarayyar Turai: kada matsakaicin aikin mako ya wuce awa 48, kuma a samu hutun awa 11 a jere kowace rana. A 1999 aka fara mafi ƙarancin albashi na ƙasa. A 2003 kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani likitan Jamus cewa zaman jiran kira a wurin aiki aiki ne, ko da mutum ya samu ya runtsa. Daga baya, a 2006, aka buga hukuncin kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta Birtaniya a kan wata mai kula da ke kwana a gidan tsofaffi, wadda ake buƙatar ta zauna cikin shiri awa 24 kwana huɗu a mako, kotun ta ce duk awannin nan lokacin aiki ne. Masu gidaje suka ɗauki alƙalami. Mako awa 168 ne. In ma'aikaci ɗaya na yin awa 37, rufe mako dare da rana na buƙatar mutum huɗu da rabi, ba a ma sa hutun shekara da rashin lafiya ba. Abin da mace ɗaya take yi da ladan gida ya zama aikin mutum biyar. Daga nan aka daina maye gurbin duk mai kular da ta yi ritaya da mai kwana.

Wuƙa ta biyu kuɗi ce. Kafin 2003 kuɗin mai kula yana cikin haya, wanda ba shi da ƙarfi tallafin haya na gwamnati ya biya masa gaba ɗaya. A watan Afrilu na 2003 aka fara shirin da ake kira Supporting People, da kimanin fam biliyan 1.8 a Ingila, aka zare kuɗin kulawa daga haya aka miƙa shi hannun ƙananan hukumomi. Takardar biyan kowane mazauni ta koma layi uku: haya, hidimar gini, da kulawa. Mu kuma aka ɗora mana cike fom, kowane mutum da tsarin tallafinsa da ake sabuntawa, har dattijon da abin da yake so kawai a ce masa ina kwana. Da fari kuɗin a killace yake, ba a taɓa shi don wani abu. A Afrilun 2009 aka cire shingen. A 2010 gwamnatin haɗaka ta shigo da tsuke bakin aljihu, kuma ofishin binciken kuɗin gwamnati ya nuna a 2014 cewa abin da ƙananan hukumomi ke warewa shirin ya ragu da kusan kashi 45 cikin 100 tun daga 2010. Doka ba ta tilasta wa ƙaramar hukuma samar da mai kula ba, yadda ta tilasta mata kare yara ko jinyar mai tsananin buƙata. Abin da ba dole ba shi ake fara yankewa.

Hukumomin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Fiye da tara cikin goma na tsofaffin ƙasar suna zaune ne a gidajensu na yau da kullum, babu mai leƙa su. Sai aka ce me zai sa kuɗin ya bi gini, ya biya wa mai shekara 62 da ke tuƙa motarsa kiran safe, alhali mai shekara 88 a layin baya ba ta da kowa? A kwance ma'aikata daga gidajen, su riƙa zagayawa wurin mai buƙata duk inda yake. A takarda magana ce mai kyau.

Ranar da aka zo jin ra'ayin mazauna kan soke mai kula mai kwana, falon ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa zuwa shan shayi ba. Yawancinsu sun saki gida mai ɗaki uku da lambu, wasu sun sayar, suka dawo ciki da falo saboda abu ɗaya tak, wato akwai mutum a ƙasa. Tsohuwar sashe na 12 ta zo da takardar hayarta a jaka, ta miƙo min ta ce, "'Yar nan, karanta musu, idona ba ya gani sosai." Na karanta. Abin da ke ciki shi ne za a samar da hidimar mai kula. Babu inda aka ce mai kwana, babu adadin awa. A kan wannan kalma guda mutane da yawa a faɗin ƙasar suka rasa ƙafar tsayawa. Wasu sun je kotu. A Disambar 2009 babbar kotu ta rushe shawarar ƙaramar hukumar Barnet ta Landan da ta birnin Portsmouth, saboda ba su yi la'akarin da dokar hana wariyar nakasassu ta wajabta ba kafin su yanke. An yi murna a falonmu ranar. Amma hukuncin a kan hanyar da aka bi ne, bai ce haramun ne a cire mai kula ba. Sauran hukumomi suka koyi cike takardar tantance tasirin shawara a kan nakasassu yadda ya kamata, suka ci gaba da abin da suka yi niyya.

Sabon tsarin ya kasa mazauna mataki-mataki: mai samun kira kowace ranar aiki, mai ziyara sau ɗaya a mako, mai sau ɗaya a wata, da wanda ƙararrawa kawai aka bar masa. Tambayar mutum ake yi, yana da buƙata? Nan ne kuskure na farko. Mutanen da suka taso cikin yaƙi da rabon abinci da kati ba sa cewa suna da buƙata. Wanda ya fi kowa rauni shi zai gyara zama ya ce yana iya komai, musamman in ya ji za a caje shi, ko yana tsoron a ce ya kamata a kai shi gidan jinya. Ni kuma na koma mai gidaje 5, mutum sama da 150, rabin yini a kowane gida in hanya ta yi kyau, kuma ana juya mu, yau ni gobe wata. Wadda ta zo ranar Talata ba ta san yadda muryar mutum take ranar Litinin ba.

A lissafa giɓin. Daga ƙarfe 5 na yammacin Juma'a zuwa 9 na safiyar Litinin awa 64 ne babu ma'aikaci a gidan. In Litinin ranar hutu ce, 88. A hutun Ista, daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Talata, 112.

Abin da ke rufe giɓin shi ne ƙararrawa. Kowane ɗaki akwai igiya mai launin ja ko ruwan lemo da ta sauko daga silin, sai kuma ɗan maɓallin da ake ratayawa a wuya kamar laya ko a ɗaura a hannu. In an ja ko an danna, kira ya tafi cibiyar amsa kira, wadda kan iya kasancewa a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita. Sunan mutum da ciwonsa da lambobin danginsa su bayyana a kwamfuta, ma'aikaci ya yi magana ta lasifikar da ke bangon sashen. In ya ji matsala ko ya ji shiru, ya kira mai riƙe da makulli, ko ma'aikacin gaggawa mai yawo in hukumar tana da shi, ko motar asibiti. Sarƙa ce mai kyau in kowace gaɓa ta riƙe, ga kuma inda take tsinkewa.

Igiyar an yi ta ne ta sauko har kusan santimita 10 daga ƙasa, don wanda ke kwance ya kai hannu. Sai ka tarar an naɗe ta an ɗaure sama, ko an cusa ta bayan kabad, don jika yana ja, ko mage na wasa da ita, ko mai shi ya gaji da janta cikin duhu a zaton ta fitila ce. Layar wuyan kuma tana kan durowar gefen gado. Ana cire ta lokacin wanka duk da ba ta jin ruwa, ana cire ta lokacin barci, sannan a tashi fitsari cikin dare ba a mayar ba, kuma tsakanin gado da banɗaki ne aka fi faɗuwa. Akwai mai ita a wuya da ba zai danna ba, wai kada ya dami mutane da dare, gara ya jira gari ya waye. Wanda ya suma kuwa babu zancen dannawa. In ma an danna, lasifikar tana falo, mutum yana banɗaki a bayan rufaffiyar ƙofa da murya ƙasa-ƙasa. Lambar ɗiyar da ke rubuce ta sauya tun bara. Akwatin ajiye makullin da ke jikin bango, mai buɗewa da lambobin sirri, an sauya lambobinsa ba a sanar da cibiya ba, ko mai aikin wanka ta tafi da makullin a aljihu, ko mai gida ya bar nasa makullin a jikin ƙofa ta ciki. Kuma tun 2017 motocin asibiti a Ingila na aiki da matakai huɗu: tsayawar zuciya matsakaicin minti 7, abu kamar shanyewar ɓarin jiki minti 18, faɗuwar da babu babban rauni kuwa yawanci tana mataki na uku ko na huɗu, inda burin shi ne a isa ga tara cikin goma a awa 2 ko 3. A lokacin hunturu abin yana wuce haka nesa.

Likitoci suna kiran duk kwanciyar da ta haura awa 1 a ƙasa doguwar kwanciya, kuma sau da yawa ta fi faɗuwar kanta illa. Dattijon sashe na 19 tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zaɓi matakin ƙararrawa kawai don ya ce shi ba yaro ba ne. Ya zame a banɗaki daren Juma'a. Igiyar tana ɗaure a kan ƙarfen labulen wanka, layar tana gefen gado. Maƙwabciyarsa ce ta lura ranar Lahadi da rana cewa jaridarsa ta Asabar tana nan a ƙofa, ta ja tata igiyar. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Amma tsokar da nauyin jiki ya danne a kan tayil tsawon wannan lokaci ta fara lalacewa, abin da ta saki cikin jini ya taɓa ƙoda, ga sanyi ya shige shi, ga ƙishirwa, ga gyambo a ƙugu. Ya yi makonni a asibiti, daga can aka wuce da shi gidan jinya, bai sake kwana a sashensa ba. A tsohon tsari akwai kiran safe ranar Asabar, da awa 10 zai yi a ƙasa maimakon 40. Kuɗin wata guda a gidan jinya ya fi abin da ake biya wa mutum ɗaya na mai kula a shekara, to amma aljihun daban ne. Hukumar da ta yi tsimin ba ita ce ta biya asibitin ba, don haka a littafinta riba aka rubuta.

Sauran lalacewar a hankali ta zo. Shayin safiyar Laraba, wasan bingo, kifi da dankalin Juma'a, liyafar Kirsimeti, duk mai kula ce ke buga ƙofa ta fito da mai jin kunya. Da babu mai bugawa, masu zuwa suka ragu daga ashirin da wani abu zuwa biyar, daga baya aka riƙa kulle falon. Aikin bai ɓace ba, kan maƙwabta ya koma. Wata mai shekara 81 ta zama mai kula ba albashi, makullan mutum bakwai a jakarta, ana tashinta da dare, har ta taɓa yunƙurin ɗaga wani da ya faɗi ta ji ciwo a baya. Ƙofar waje da a da ido ke kanta, yanzu duk wanda ya biyo bayan mai kawo kaya ya shige. Burodi ya ƙone a na'urar gashi, a da na je na duba na buɗe taga na kashe ƙararrawa, yanzu sai motar kashe gobara ta zo, tsofaffi suna tsaye a baranda cikin rigar barci, alhali tsarin irin ginin nan shi ne wanda wutar ba a sashensa take ba ya rufe ƙofa ya zauna, don an gina kowane sashe ya tare wuta na wani lokaci. Babu mai tuna musu. Sannan da gidan ya daina jan hankalin masu neman mai kula, sassan suka fara zama babu kowa, aka riƙa cika su da 'yan shekara 55 masu fama da giya ko taɓin hankali, su ma marasa mai duba su, aka haɗa su baranda ɗaya da 'yan shekara 90.

A zagayen da na yi na kuma ga waɗanda suka amfana. Na shiga gidajen tsofaffin cikin unguwa da babu wanda ya taɓa cike musu fom ɗin tallafin da suka cancanta shekara da shekaru. Wasu mazaunan sun ji daɗin daina tashinsu da safe. Wasu masu gidajen sun dawo da ma'aikaci na rana ta wata hanya, suka sa kuɗinsa cikin hidimar gini da tallafin haya ke biya, sai dai aikinsa na gini ne da haya, kuma ƙarfe 5 ya tafi. A wasu gidajen mazauna sun kaɗa ƙuri'a suka yarda su biya daga aljihunsu.

Wanda zai sa iyayensa a irin gidan nan, ko yake shiga aiki a ciki, kada sunan gidan ya ruɗe shi. Ya tambayi awa nawa a mako ake samun ma'aikaci a cikin ginin, mutum ɗaya ne ko ana juyawa, wa ke kira Asabar da Lahadi, kuma in an danna da dare wa zai zo da ƙafarsa, ko motar asibiti kawai za a kira. Ya nemi a nuna masa inda aka rubuta hakan a takardar haya. Ke mai zuwa wanka ko ba da abinci, wataƙila ke kaɗai ce fuskar da zai gani ranar: kwance duk igiyar da kika gani a ɗaure, ki tabbata layar tana wuyansa kafin ki fita, ki mayar da makulli akwatinsa ki juya lambobin, abin da kika ga ya sauya kuma ki rubuta ki faɗa wa ofis a ranar.

Akwai kuma sabuwar matsala da ke tafe. Ana rufe tsoffin layukan tarho na ƙasar ana mayar da su kan intanet, wa'adin da aka sa shi ne ƙarshen Janairun 2027. Tsohon layi yana ɗauke da wutarsa daga ofishin waya, ko an ɗauke lantarki ƙararrawa na tafiya. Sabon yana mutuwa tare da wutar gida sai in akwai batir, kuma mafi ƙarancin abin da hukumar sadarwa ta wajabta wa kamfanoni su tanadar wa mai dogaro da layin shi ne na awa 1. Wasu tsoffin na'urorin ma ba sa jituwa da sabon layin, kiran ya fita amma bai isa ba. A danna maɓallin sau ɗaya a wata a jira a ji murya ta amsa, a yi gwajin daga cikin banɗaki da ƙofa a rufe, a kuma sake yin sa duk ranar da aka taɓa layin waya.

Sashen da na zauna a bakin ƙofa, bayan na mayar da makullan, an cire allon ƙararrawar daga bangonsa, an yi fenti, an sa masa lamba 35 an ba da shi haya.